Hoto Ba Rubutu Ba Ne: Yadda Ake Ciro Hoto Daga Rumbun Bayanai

Na san da ganin kan wannan maƙala wani zai ce, me ya haɗa kifi da kaska? Mu da muka zo karatun nahawu da adabi, ina ruwanmu da aikin 'yan sashen kimiyyar kwamfuta? To, mai karatu ya yi haƙuri ya biyo ni. Mu da ke nazarin Hausa a nan kudancin ƙasa ba kullum muke samun zuwa Arewa House da ke Kaduna ba, balle gidajen malamai na Kano da Zariya da Sakkwato inda tsofaffin takardu suke. Galibin rubutun ajami da ke zuwa hannunmu hotonsa ne. Wannan ba sabon abu ba ne, domin ko cibiyar tattara rubuce-rubucen Larabci da John Hunwick ya kafa a Jami'ar Ibadan a 1964, babban aikinta shi ne ɗaukar hoton takardun a kan siririn fim. Abin da ya sauya shi ne, yanzu hotunan a cikin kwamfuta suke. Idan suka yi yawa, a kan zuba su a rumbun bayanai, wato wata manhaja mai tsara bayanai jadawali-jadawali: ga lambar shafi, ga sunan marubuci, ga garin da aka samo takardar, ga kuma hoton.

Zubawa da sauƙi. Wajen cirowa ne ake ganin abin mamaki. Ɗalibi zai rubuta ɗan jerin umarni, abin da masu sana'ar ke kira sikirif, ya ce wa kwamfuta ta kawo masa shafi na 12. Maimakon shafin waƙa da jan tawada da baƙa, sai allo ya cika da baƙaƙen haruffa marasa kan gado, ko kuma ya ga wata 'yar alama ta yagaggen hoto. Abin da nake so in nuna shi ne, tushen wannan matsala tushe ne da ɗalibin harshe ya fi kowa saurin ganewa.

Abin da kwamfuta ke gani

Kwamfuta ba ta san harafi ba, ba ta san launi ba. Abin da take ajiyewa lambobi ne. Mafi ƙanƙanta shi ne bit, wanda ba ya wuce sifiri ko ɗaya. Idan aka jera bit takwas an sami bayit guda, kuma bayit guda na iya ɗaukar lamba daga 0 zuwa 255. Duk fayil ɗin da ke cikin kwamfuta, waƙa ce ko wasiƙa ko hoto, jerin irin waɗannan lambobi ne kawai.

Ɗauki haruffa uku, a-y-a. Bahaushe ya gan su, zai ce ayar ci ce ko ayar Alƙur'ani. Abokin karatunmu Bayarabe ya gan su, zai ce matar aure ce, ko ƙirji, gwargwadon karin sautin da ya ɗora. Haruffan ba su sauya ba, sai an san harshen da ake magana da shi kafin a san ma'ana. Haka bayit yake. Lamba 65, idan an ce rubutu ne bisa tsarin ASCII, babban harafin A ce. Idan a cikin hoto take, wataƙila wani yanki ne na bayanin launi.

Ga misalin da ya taɓa kowannenmu. Tsarin Unicode ya bai wa haruffanmu masu ƙugiya lambobinsu, kuma a tsarin UTF-8, wanda Ken Thompson da Rob Pike suka ƙirƙiro a 1992, harafin ƙ bayit biyu ne: 198 da 153. Idan wata manhaja ta karanta waɗannan bayit biyu da tsohon tsarin Windows na harsunan yammacin Turai, sai ta fitar da Æ™. Duk wanda ya taɓa buɗe aikin jinga a shagon buga takardu ya tarar “ƙasa” ta koma “Æ™asa” ya ga wannan da idonsa. Lambobin daidai suke, an karanta su da harshen da ba nasu ba ne.

Ga rubutu, wannan ɓarna tana gyaruwa sau da yawa. Ga hoto, abin ya fi haka muni, kuma ga dalili. Kowane fayil na JPEG yana farawa da bayit uku: 255, 216, 255. A ƙa'idar UTF-8 kuwa, lamba 255 haramtacciya ce, ba ta taɓa fitowa a rubutu ingantacce. Saboda haka idan manhaja ta ɗauka hoton rubutu ne, da ta ci karo da 255 sai ta ce kuskure ne. Wata ta tsaya ta yi ƙorafi, wata ta yanke abin da ya rage, wata kuma ta cire lambar ta sa alamar maye gurbi, wannan da ke fitowa kamar alamar tambaya a cikin baƙin lu'ulu'u. Alamar kanta bayit uku ce: 239, 191, 189. Za ta yi haka a wurare dubbai a cikin hoto ɗaya, kuma duk lambar da aka maye ta tafi ke nan, don babu abin da zai nuna ko 255 ce a wurin ko 216. Kamar mai kwafar littafi ne wanda duk kalmar da bai gane ba sai ya goge ta ya ɗiga tawada.

Waɗanda suka tsara fayil ɗin PNG, wanda ya fito a 1996, sun san wannan haɗari, har suka ɗana masa tarko. Bayit takwas na farkon kowane PNG su ne 137, 80, 78, 71, 13, 10, 26, 10. Uku da ke biye da na farko, 80, 78, 71, su ne haruffan P, N, G. Ita 137 an sa ta ne don ta wuce iyakar ASCII, wadda ta tsaya a 127, ta yadda hanyar da ba ta ɗaukar komai sai rubutu za ta lalata ta a gane. Su kuma 13 da 10 alamomin ƙarshen layi ne. Idan wata manhaja mai karambani ta gyara ƙarshen layi a hanya, kan fayil ɗin zai sauya, mai buɗewa ya san an taɓa kayan. A ganina wannan na cikin dabaru mafi kyau a duk fannin.

Gurbin da ya dace

Saboda haka rumbunan bayanai suka ware gurbi na musamman don irin waɗannan kaya, gurbin da ba a fassara abin da ke cikinsa. A MySQL da SQLite sunansa BLOB, a PostgreSQL kuma bytea. Gurbin rubutu yana da tsarin haruffa da aka liƙa masa, kuma rumbun na iya juya abin da ke ciki daga wannan tsari zuwa wancan a lokacin shiga ko fita. Gurbin BLOB ba shi da wannan. Abin da ka zuba shi za ka kwasa.

Sai dai a MySQL gurbin iri huɗu ne, kuma sunan na ruɗi. TINYBLOB bayit 255 yake ɗauka. BLOB zalla, wanda yawancin masu koyo ke zaɓa don shi suka ji ana faɗa, bayit 65,535 ne iyakarsa, wato kilobayit 64. MEDIUMBLOB na kai wa bayit 16,777,215, LONGBLOB kuma kusan gigabayit 4. Hoton da wayar hannu ke ɗauka a yau yakan kai megabayit biyu ko fiye. A tsofaffin fitowar MySQL, idan ka tura babban hoto cikin ƙaramin gurbi, sai ta yanke abin da ya yi saura ta ba da ɗan gargaɗin da ba kowa ke dubawa ba. Sakamakon shi ne hoton da samansa ya fito, ƙasansa kuwa toka-toka. Daga fitowa ta 5.7 an tsaurara, rumbun yakan ƙi karɓa gaba ɗaya, amma wanda ya gaji tsohon rumbu zai iya tarar da shafukan da aka guntule tun tuni.

Ɗan aike

Mu ɗauka muna da jadawali mai suna shafuka, da gurabe uku: lamba, iri, hoto. A gurbin iri an rubuta nau'in fayil, misali image/jpeg. Ga jerin umarnin da zai ciro hoton a harshen PHP, wanda Rasmus Lerdorf ya fara fitarwa a 1995. Na sa wa abubuwa sunayen Hausa, don harshen bai hana ba:

<?php
$rumbu = new PDO('mysql:host=localhost;dbname=ajami', $suna, $sirri);
$tambaya = $rumbu->prepare('SELECT iri, hoto FROM shafuka WHERE lamba = ?');
$tambaya->execute([$_GET['lamba']]);
$layi = $tambaya->fetch();
header('Content-Type: ' . $layi['iri']);
echo $layi['hoto'];

Layi na biyu yana buɗe ƙofar rumbu da suna da kalmar sirri. Na uku yana shirya tambaya: a kawo iri da hoto daga jadawalin shafuka, inda lamba ta yi daidai da wadda za a faɗa. Na huɗu yana miƙa lambar, na biyar yana karɓo amsa. Biyu na ƙarshe su ne zuciyar aikin.

Wanda ya taɓa aika saƙo ta tashar mota ya san ana rubuta bayani a bayan ƙunshi kafin a miƙa wa direba. Haka saƙon intanet yake, yana da kai yana da jiki. Kan saƙo ne ke gaya wa burauza, wato manhajar da ake buɗe shafukan intanet da ita, irin kayan da ke tafe. Idan ba a faɗa ba, PHP na sa wa saƙon tambarin text/html da kanta, ma'ana rubutun shafi ne. Burauza kuwa sai ta bi abin da aka gaya mata, ta shiga karanta hoton harafi-harafi. Nan ne shirmen da ke cika allo yake fitowa. Mai lura zai ga JFIF ko Exif a kusa da farkon shirmen, wanda ke nuna hoton lafiyarsa lau, tambarin ne ba daidai ba. Layin header shi ke gyara wannan, layin echo kuma ya miƙa kayan yadda suke.

Aikin jerin umarnin ke nan, aikin ɗan aike. Ba a so ya buɗe ƙunshi, ba a so ya ƙara ko ya rage. Umarnin da ake amfani da su wajen tsabtace rubutu, irin su trim da htmlspecialchars, ba su da wuri a nan.

Akwai wani abu da ke ɗaure wa masu koyo kai. Ba a haɗa hoto da rubutun shafi a saƙo ɗaya. Ba zai yiwu ka buga sunan marubuci da fassarar baiti, sa'an nan ka zubo bayit ɗin hoto a ƙarƙashinsu ba, domin saƙo ɗaya tambari ɗaya gare shi. Fayil biyu ake yi. Na farko shi ne shafin da ke ɗauke da rubutu, a cikinsa a sa wannan:

<img src="hoto.php?lamba=12">

Da burauza ta ga wannan layi sai ta sake aikawa karo na biyu, ta nemi hoto.php ya ba ta lamba 12. Shafi mai hoto ashirin aike ashirin da ɗaya ke nan. Akwai hanyar kauce wa haka, ita ce mayar da hoton haruffa da tsarin Base64, inda kowane bayit uku ke komawa haruffa huɗu, a cusa shi cikin shafin. Tana aiki, amma nauyin kaya na ƙaruwa da kashi ɗaya cikin uku, kuma ni ban ga hikimarta ba sai ga 'yan ƙananan hotuna. Wanda ke sayen data da kuɗin aljihunsa zai fahimce ni.

Kada mai karatu ya raina alamar tambayar nan da ke layi na uku. Da yawa sukan manna lambar kai tsaye a cikin jimlar tambaya. Idan aka yi haka, duk wanda ya ga dama zai iya rubuta nasa umarnin a inda ake sa lamba, rumbun kuma ya aiwatar, ya tona masa abin da ba a so a gani. Alamar tambaya na sa rumbun ya ɗauki abin da aka turo a matsayin ƙima kawai, ba umarni ba. Haka nan, wanda ya samo misali a tsohon littafi ya ga ana amfani da mysql_query, ya sani an cire wannan daga PHP tun fitowa ta 7 a 2015. Ya kuma kamata a ƙara layin da zai duba ko lambar da aka nema tana nan, in babu a mayar da amsar 404. Na bar shi ne don misalin ya taƙaita.

Ɓarawon da ba a gani

Wani lokaci komai daidai, tambari daidai, gurbi daidai, amma hoto ya ƙi fitowa. Mafi yawan lokuta wani abu ne ya riga hoton fita. Fili ɗaya ko layi ɗaya da aka bari kafin <?php ya isa. PHP za ta tura shi a matsayin farkon saƙo, sai ko dai ta yi ƙorafin cewa kan saƙo ya riga ya tafi, ko kuma hoton ya isa da baƙon bayit a gabansa. Burauza ta duba farko ba ta ga 255, 216, 255 ba, sai ta ce wannan ba JPEG ba ne.

Wannan ya fi shafar mu masu rubutu da Hausa. Wanda ya sa bayani da ƙ ko ɗ a cikin jerin umarninsa dole ya adana fayil ɗin da UTF-8. Manhajar Notepad ta Windows, kafin gyaran da aka yi mata a 2019, duk lokacin da aka zaɓi UTF-8 takan liƙa bayit uku a farkon fayil, 239, 187, 191, a matsayin shaida. Ido ba ya ganinsu ko an buɗe fayil ɗin. Amma suna gaban <?php, don haka su ne za su fara fita. Maganin shi ne a sake adana fayil ɗin a zaɓi UTF-8 marar BOM, wanda shi ne sunan wannan shaida. Don irin wannan dalili ne ma ban rufe misalin da ?> ba. Harshen ya yarda a bar shi, kuma barinsa na hana wani fili a ƙarshe ya bi hoton.

Wanda ba intanet ne gabansa ba, so yake kawai ya kwafo hoton zuwa fayil don ya sa a kundin bincikensa, ga yadda ake yi da Python da SQLite:

import sqlite3
rumbu = sqlite3.connect('ajami.db')
layi = rumbu.execute('SELECT hoto FROM shafuka WHERE lamba = ?', (12,)).fetchone()
open('shafi12.jpg', 'wb').write(layi[0])

Ƙaramin harafin b da ke cikin 'wb' shi ne mai gadin. Yana cewa a rubuta bayit yadda suke. A harsuna da dama, idan aka bar shi a kan Windows, duk inda lamba 10 ta fito sai a sa mata 13 a gaba, don an ɗauka ƙarshen layi ne. Python ta 3, wadda ta fito a 2008, ta raba bayit da rubutu rabuwa ta sosai, idan ka manta b sai ta tsaya ta ƙi. Masu koyo na jin haushin haka, ni kuwa ina ganin gata ne.

Gano inda aka yi ɓarna

Kafin a ɓata dare ana gyaran jerin umarni, a fara tambayar rumbun kansa. A MySQL, umarnin LENGTH(hoto) zai faɗi yawan bayit ɗin da ke ajiye. A gwada shi da girman fayil na asali. Idan ya ce 65,535 cif, an guntule hoton tun wajen shiga. Sa'an nan HEX(LEFT(hoto, 3)) zai nuna bayit uku na farko da lissafin sha shida-sha shida. FFD8FF na nufin JPEG lafiyayye ne, laifin na hanyar fita ne. EFBFBD na nufin an bi da hoton ta hanyar rubutu kafin ya shiga, kuma babu umarnin da zai dawo da shi, sai a koma ga fayil na asali. Idan kuma abin da ke ciki ya fara da /9j/, to JPEG ne da aka mayar Base64, sai a warware shi kafin a miƙa. Mai amfani da PostgreSQL ya lura cewa PDO ba ta miƙo bytea a dunƙule, kamar buɗaɗɗen fayil take ba da shi, don haka fpassthru ake kira a maimakon echo.

Shin ma ya dace a zuba hoton a rumbu?

An daɗe ana wannan muhawara. Wasu na cewa a bar hotuna a matsayin fayil, a rubuta adireshinsu kawai a jadawali. A 2006 Russell Sears da Catharine van Ingen da Jim Gray sun yi gwaji a sashen bincike na Microsoft, suka gano cewa abin da bai kai kilobayit 256 ba rumbu ya fi saurin sarrafa shi, abin da ya wuce megabayit ɗaya kuma fayil ya fi, tsakaninsu ya danganta da yanayin aiki. Na'urori sun sauya tun daga lokacin, amma awon na da amfani har yanzu a matsayin mafari.

Mu auna da namu kayan. Shafi mai girman takardar A4, idan aka ɗauke shi da sikana a ɗigo 300 kowane inci, zai ba da ɗigo 2,480 a faɗi da 3,508 a tsawo. Kowane ɗigo bayit uku, jimla kusan megabayit 26, idan ba a matse ba. Littafi mai shafi 200 ya haura gigabayit 5 ke nan. Irin wannan fayil, wanda galibi TIFF ne, shi masu adana tarihi ke so a riƙe a matsayin uwa, domin JPEG na zubar da wani abu duk lokacin da aka sake matse shi, kuma a ajami ɗigo ɗaya na raba harafi da harafi. MEDIUMBLOB ba zai ɗauki shafi ɗaya irin wannan ba, yawancin burauza ma ba sa nuna TIFF.

Shawarar da zan bai wa ɗalibin da ke tattara takardu don kundin digirinsa ita ce ya raba kayan gida biyu. Manyan hotuna na asali su zauna a matsayin fayil, a faifai biyu da ba a ajiye su ɗaki ɗaya ba, kada kuma a taɓa su. Ƙananan kwafi na JPEG, waɗanda za a riƙa dubawa kullum, su shiga rumbu tare da bayanansu. Amfanin haka shi ne hoto da bayaninsa ba za su rabu ba: da SQLite, rumbun gaba ɗaya fayil guda ne da za ka kwafa a filashi ka kai wa malamin da ke duba aikinka. A jadawalin kuma a ƙara gurbi biyu, ɗaya na sunan fayil na asali, ɗaya na yawan bayit ɗin ƙaramin kwafin a ranar da aka zuba shi, domin ranar da wani shafi ya ƙi buɗewa a san abin da za a gwada LENGTH da shi.